Rake Ɗaya, Hanya Biyu: Giyar Ram da Tarihin Dokar Hana Barasa a Kano

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi sawun wata haja wadda masu rubuta tarihin Kano ba su cika ambatonta ba, watau giyar rake ta tsibiran Karebiyan, wadda Turawan Ingila ke kira ram. An rubuta sunan a haka ne domin kada a rikita shi da Rum ta Rumawa. Mai sauraro yana iya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska? Kano tsohon birnin Musulunci ne, kuma ba a san ram cikin kayan da fatake ke saukewa a Kasuwar Kurmi ba. Amsar da takardar za ta bayar ita ce, ko da yake kwalbar ba ta sami shiga birni ba, abubuwan da ke tattare da ita sun shigo. An sayi bayi da giyar rake a bakin teku, cikinsu har da Hausawa. Harajin barasa ya taimaka wajen shimfiɗa hanyar jirgin da ta iso Kano. Dokar da aka kafa domin tare barasa kuwa tana daga cikin abubuwan da suka bambanta zaman Birni da na Fagge da Kantin Kwari da Sabon Gari. Hukuncin shan giya a Musulunci sananne ne, ba shi za a tattauna a nan ba. Aikinmu na tarihi ne.

2.0 Rake da Asalin Ram

Masana sun nuna cewa an fara noman rake a tsibirin Niyugini, a ƙasar Indiya kuma aka ƙware wajen dafa ruwansa ya zama sukari. Larabawa ne suka yaɗa shi zuwa Masar da Maroko da Andalus, daga bakinsu kuma Hausa ta ari kalmar sukari. Daga nan Turawan Fotugal da na Sifen suka kai shi tsibiran Tekun Atlantika, har Kolumbus ya tsallaka da irinsa zuwa Karebiyan a tafiyarsa ta biyu a 1493.

Turawan Ingila sun zauna a tsibirin Barbados a 1627, cikin shekarun 1640 kuma suka juya ga noman rake gadan-gadan, da ƙarfin bayin da aka kwaso daga Afirka. Sai wata matsala ta taso. Idan aka dafa ruwan rake aka tsame ƙwayar sukari, akan bar wani baƙin maɗi mai kauri wanda ba ya daskarewa, kuma yana da yawa ƙwarai. Da fari dabbobi da bayi ake ba, ko a zubar. Da aka lura cewa in an sirka shi da ruwa aka bar shi yakan tsima ya zama giya, sai aka shiga dafa wannan giya ana tara tururinta. Abin da ya fito shi ne ram. Saboda zafinta, sunan da aka fara yi mata a Barbados ma'anarsa kashe-shaiɗan. Ingila ta ƙwace Jamaika daga hannun Sifen a 1655, sana'ar ta bi ta can, kuma wasu gandayen da aka kafa a ƙarni na 18, kamar Appleton da Hampden, sun ci gaba da ita har zamaninmu. Sojan ruwan Ingila ma sun mai da ram rabon kowane matuƙi na kullum, ba a soke wannan al'ada ba sai ran 31 ga Yuli, 1970.

3.0 Tukunya da Ganga

Wajibi ne a ɗan tsaya a kan yadda ake yin ram ta asali, domin a nan ne bambancinta da giyar ƙasarmu zai fito. Mataki uku ne. Na farko tsimi. A Jamaika akan haɗa baƙin maɗin da ruwa da ragowar dahuwar baya, a bar su a buɗe mako ɗaya ko biyu ko fiye, alhali giyar kasuwa marar nauyi kwana ɗaya ko biyu take yi. Wannan dogon tsimi shi ke haifar da ƙamshi mai ƙarfi irin na ayabar da ta nuna ta wuce.

Na biyu dahuwa. Sinadarin da ke sa maye yakan tafasa a zafin awo 78, ruwa kuwa sai 100, saboda haka in an hura wa tsimin wuta a cikin rufaffiyar tukunyar jan ƙarfe, shi ke riga tashi. Tururin yakan bi wani dogon wuya ya ratsa ruwan sanyi ya koma ruwa. Mai dahuwa yakan ware farkon abin da ya ɗigo da ƙarshensa, ya riƙe na tsakiya, kuma gwanintarsa duka tana ga sanin inda zai yanke. Tukunya ɗaya dahuwa ɗaya, sa'an nan a wanke a sake. A 1830 wani mutumin Ailan, Aeneas Coffey, ya yi rajistar wata doguwar tukunya mai hawa-hawa wadda ke aiki ba tsayawa. Ta fi sauri da araha, amma takan tace giyar har yawancin ƙamshinta ya tafi. Wannan ne ya sa masu sha'awar abin suke fifita ta tsohuwar tukunya, har a ƙasar Gayana aka adana wata tukunyar katako ta gandun Port Mourant wadda asalinta ya koma ƙarni na 18.

Na uku ajiya. Ram takan fito fara fat kamar ruwa. Gangar katakon oak da ake zuba ta ciki, wadda aka babbake cikinta, ita ke ba ta launin ja da taushi. Katako yana numfashi, saboda haka kowace shekara wani kaso yakan bi iska. A Sikotilan asarar kimanin kashi 2 cikin 100 ce a shekara, a zafin Karebiyan kuwa takan ninka haka sau uku ko fiye. In aka ƙaddara kashi 7, gangar da ta shekara 15 kimanin sulusinta ne zai rage. Tsadar tsohuwar ram ke nan. Yawancin wadda ake sayarwa akan sirka ta da ruwa ta dawo kashi 40 cikin 100, amma akwai wadda ake ɗurawa a kwalba yadda ta fito daga ganga, mai ƙarfin kashi 55 zuwa 65.

Masu ɗanɗana irin wannan suna da ƙa'idojinsu. Sukan zuba kaɗan a kofi mai tsukakken baki, su bar ta ta huta, su fara da hanci daga nesa-nesa domin kada zafin ya toshe shi, sa'an nan su kurɓi ɗan mitsitsi. Wani lokaci sukan ɗiga ruwa domin ƙamshin ya buɗe. Abin da suke auna daraja da shi shi ne yawan ƙamshin da ke bin juna, na 'ya'yan itace da hayaƙi da katako, da kuma daɗewar ɗanɗanon bayan an haɗiye. Bahaushe bai rasa irin wannan ilmi ba, sai dai a kan wata haja ya zuba shi. Dattijon da ke bambanta daushe da sabon goro, ya san darajar ɗan Laboji na ƙasar Nufe, ya kuma san yadda ake jera goro a huhu ana sake masa ganye har ya kwana biyu bai lalace ba, aikin da yake yi ɗaya ne da na mai gangar Jamaika. Kowannensu yana sayar da haƙuri ne da sanin ajiya.

4.0 Giyar Rake da Cinikin Bayi

A ƙarni na 18 giyar rake ta zama ɗaya daga cikin manyan kayan da ake musayar bayi da su a gaɓar Afirka ta Yamma, tare da yadi da bindiga da albarushi da taba da wuri. Jiragen Rod Ailan ta Amurka sukan sayo baƙin maɗi daga Karebiyan, a dafa shi ya zama ram, su kawo gaɓar Gwalkwas su ɗauki mutane. Watau gumin bawa shi ake juyawa a sayo wani bawan da shi.

Inda abin ya fi shafar Hausawa shi ne gaɓar Wida da Ajashe da Badagiri da Ikko, wadda 'yan kasuwar Bahiya ta ƙasar Birazil suka fi rinjaye a cikinta. Hajarsu ita ce taba da aka shafe da maɗin rake, da kuma giyar rake irin tasu. Yaƙe-yaƙen ƙarshen ƙarni na 18 da na jihadin da aka fara a 1804 sun jefa mutane da yawa cikin bauta, aka bi da wasunsu ta Nufe da ƙasar Yarabawa zuwa teku. Hausawa suka yi yawa a Bahiya har su ne suka shirya yunƙurin tawaye na 1807 da na 1809 da na 1814, kuma akwai su cikin tawayen Musulmi na 1835. Wani jakadan Faransa a can, Francis de Castelnau, ya tattauna da bayi Hausawa, ya buga labarin garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su a 1851. Haka kuma Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, haifaffen Jugu wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, ya yi bauta a Birazil, ya kuɓuta a 1847, ya zauna a Haiti, aka buga tarihinsa a 1854. A ciki ya nuna cewa da giya aka yaudare shi ranar da aka kama shi. Wannan ita ce haɗuwar farko tsakanin Bahaushe da giyar rake, kuma a matsayin haja ya haɗu da ita.

5.0 Giya a Kano Kafin Zuwan Turawa

Giya daɗaɗɗiya ce a ƙasar Kano. Littafin Tarihin Kano, da yake lissafa manyan mutanen Barbushe da sana'o'insu, ya ambaci Bugazau a matsayin mai dafa giya. Maguzawa sun riƙe ta a bukukuwansu da gayyarsu ta noma. Amma giyar dawa da gero, ko burkutu ce ko fito, tsimi kawai ake yi mata. Ba a tara tururinta, ƙarfinta kaɗan ne, kuma in ta kwana biyu sai ta yi tsami. Ba hajar fatauci ba ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙ, ya soki sarakunan Haɓe da cewa suna ci suna shan abin da suka ga dama ba tare da duba halal ko haram ba, bayan jihadi kuwa sai giya ta koma abin ƙauyukan Maguzawa da na ɓoye.

Barasar Turai ma ba ta sami hanya ba. Da Barth ya zo Kano a 1851 ya lissafa kayan Turai da ya gani a kasuwa, irin su akoko na Manchesta da takarda da allura da ruwan takobi da duwatsun ado da sukarin Marsel ta Faransa. Babu barasa a lissafin. Dalili a fili yake. Fataken Sahara Musulmi ne, masu sayen ma haka, kuma ba mai ɗora wa raƙumi kwalba daga Tarabulus alhali ga kayan da suka fi ta sauƙin ɗauka da riba.

6.0 Dokar Hani da Kuɗin Hanyar Jirgi

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 jin mai araha ta Jamus da Holan ta ture ram a kasuwannin bakin teku, ta yi yawa har a wasu wuraren akwatinta ya zama kuɗin ciniki. Masu wa'azin Kirista da ƙungiyoyin yaƙi da shaye-shaye a Ingila suka tayar da ƙura. A taron Birasels, wanda aka sa hannu kan yarjejeniyarsa a Yulin 1890, ƙasashen Turai suka amince cewa tsakanin layi na 20 arewa da na 22 kudu, duk yankin da barasa ba ta riga ta yaɗu ba, saboda addini ko wani dalili, a hana shigar da ita. Kamfanin Neja ya ja nasa layin a awo na 7, watau wajen Ida. Da Gwamna Lugga ya karɓi mulkin Arewa ran 1 ga Janairu, 1900, sai ya tabbatar da hanin, domin shi kansa ya daɗe yana sukar wannan ciniki, kuma ya san hanin zai yi wa sarakunan Musulmi daɗi.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Gwamnatin Kudu da harajin kwastan take rayuwa, kuma a shekarun da suka gabaci Yaƙin Duniya na Farko harajin barasa ya kai rabin kuɗin shigarta, wani lokaci ya ɗara. Gwamnatin Arewa kuwa ba ta da tashar teku, kuɗinta ba ya isarta, sai Ingila ta cika mata, Kudu ma ta ba da gudummawa kowace shekara. Hanyar jirgin Baro zuwa Kano, wadda ta iso a 1911 aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912, da rancen da Kudu ta ɗauka aka gina ta. Wannan matsala ta kuɗi tana cikin manyan dalilan haɗe Kudu da Arewa a 1914. Ashe ke nan an hana kwalba tsallako layi, amma kuɗinta ya tsallako, kuma jirgin da ya kwashi gyaɗar Kano yana da kason barasa a cikin asalinsa.

7.0 Birni, Kantin Kwari da Sabon Gari

Isowar jirgi ta kawo baƙi iri-iri, Turawan mulki kuwa suka zaunar da kowa a nasa wuri. Birni ya zauna a hannun Sarki Abbas da alƙalansa. Kamfanonin Turawa, irin su Kamfanin Neja da John Holt, suka sami filaye kusa da tasha. Kwarori, watau mutanen Siriya da Labanan, aka yanka musu wuri a kudancin Fagge, tsohon zangon Buzaye da ayarin Sahara, inda kantunansu suka zama Kantin Kwari. A 1913 aka kafa Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, aka sa shi ƙarƙashin jami'in Bature. Sai a 1940 aka mai da shi hannun En'e.

Dokar barasa ta bi wannan rabo sau da ƙafa. Ba ta shafi Bature ba, ana kawo masa wuskinsa da jin cikin akwati a jirgi, zuwa manyan kantuna da kulob. Baƙon da ba ɗan ƙasa ba yana iya neman takardar izini ya sayi abin da aka ƙayyade masa. Ɗan ƙasa kuwa an hana a sayar masa, in Musulmi ne kuma aka kama shi ya sha, bulala tana jiransa a gaban alƙali. Dokar barasa ta 1917 ta ƙara tsara wannan, ta raba ƙasa zuwa inda aka hana, da inda aka taƙaita, da inda ake ba da lasin. Saboda haka a cikin tafiyar da ba ta wuce ta rabin sa'a a ƙasa ba, daga Ƙofar Mata zuwa Sabon Gari, mutum yakan ratsa hukunci uku a kan kwalba ɗaya, kuma abin da ke yanke hukuncin shi ne asalin mai riƙe da ita.

Kantin Kwari yana tsakiyar wannan tafiya. Masu kantunan baƙi ne a idon doka, amma masu sayayyarsu mutanen Birni ne da na ƙauyuka, waɗanda suka sayar da gyaɗa suka zo neman yadi. Saboda haka da atamfa da shadda da akoko wurin ya yi suna, kuma da Hausawa suka gaji kantunan daga baya, a kan yadi suka ɗora. Kasuwa takan bi mai saye. Cinikin abin sha sai ya tattara a Sabon Gari.

Hanin bai hana fasa-ƙwauri ba. Jirgin da ya kawo yadi shi ya riƙa kawo kwalabe a ɓoye, takardar izini ma ta zama abin ciniki, domin mai ita yana iya saye ya sayar wa wanda ba shi da ita. Sabon Gari ya zama mafakar duk wanda ke son kauce wa idon Birni, kuma a irin wannan zama ne kalmar ɗan bariki ta sami ma'anar da take da ita. Yarjejeniyar San Jamen ta 1919 ta haramta barasar ciniki mai araha, abin da ya biyo baya kuwa shi ne yaɗuwar ogogoro a Kudu a farkon shekarun 1930. Daga bisani giyar kwalba ta cikin gida ta mamaye kasuwa, bayan an fara yin Star a Ikko a 1949, aka kuma buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Tsohuwar ram ta ganga ba ta taɓa zama hajar jama'a a nan ba.

8.0 Mazarƙwaila

Duk da haka akwai abin da Karebiyan ta ba ƙasar Hausa ta fuskar rake. Noman rake a fadama tsoho ne a nan, Barth ma ya ga gonarsa kusa da Sakkwato a 1853. Amma injin matse rake wanda doki ke ja, masu bincike sun danganta yaɗuwarsa a ƙasar Zazzau da 'yan Mishan na C.M.S., musamman W. A. Thompson, mutumin Karebiyan, wanda ya zauna a Gimi bayan 1913. Sana'ar ta bazu a ƙasashen Maƙarfi da Kudan da Ancau, mazarƙwaila ta shiga kasuwannin Kano.

Abin lura shi ne yadda ake dafa ta. Akan tafasa ruwan raken a babban kasko har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare gaba ɗaya. Ba a raba ƙwayar sukari da maɗinta, saboda haka babu ragowar da za a rasa yadda za a yi da ita. Matsalar da ta haifi ram a Barbados ba ta taso a Maƙarfi ba. Addini da rashin masu saye su ne manyan dalilai, amma dabarar dahuwar ma ta rufe ƙofar. Baƙin maɗi mai yawa bai samu a Arewa ba sai da aka buɗe masana'antar sukari ta Bacita a 1964, da taimakon kamfanin Booker, wanda a lokacin shi ke riƙe da yawancin gandayen rake na Gayana.

9.0 Bayan Mulkin Kai

Dokar Finalkod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta riƙe tsohon tsarin. Sashe na 403 ya sa hukunci a kan Musulmin da ya sha giya ba domin magani ba, bai taɓa wanda ba Musulmi ba. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, a Nuwamban 2013 kuma hukumar ta farfasa kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a. A 2021, da rikicin harajin kayan masarufi ya tashi tsakanin Jihar Ribas da Gwamnatin Tarayya, wasu 'yan Kudu sun yi ƙorafin cewa jihohin da ke fasa kwalba suna karɓar kaso daga asusun da harajin giya ke shiga. Masu ba da amsa daga Arewa suka ce asusun na tarayya ne, kowane yanki yana zuba nasa a ciki. Ko wane ɓangare mutum ya bi, ya kamata ya san cewa gardamar ta girmi Nijeriya mai mulkin kanta, domin tun kafin 1914 aka shuka ta.

10.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa ram ta samo asali ne daga ragowar sukari a gandayen bayi, kuma darajar tsohuwarta ta dogara ga dogon tsimi da tukunyar jan ƙarfe da asarar da ake yi a ganga. An nuna cewa giyar rake tana cikin kuɗin da aka sayi Hausawan Bahiya da su, cewa hanin 1890 da na 1900 ya tare barasa amma bai tare harajinta ba, kuma cewa dokar ta raba mazauna Kano gwargwadon asalinsu, ta bar Kantin Kwari da yadi, Sabon Gari da kwalba. Darasin da ke ciki ga masu nazarin tarihin kasuwanci shi ne, hajar da aka hana ma tana da tarihi a wurin da aka hana ta. Ana kira ga ɗalibanmu da su duba fayilolin lasin da na shari'un fasa-ƙwauri a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, su kuma zauna da dattawan Fagge da Sabon Gari da tsofaffin masu dafa mazarƙwaila tun suna da rai, domin abin da ke bakinsu ba ya cikin fayil.